Tiyata ko allura: sauke sinadarin maza a ciwon dajin furostet, da inda maganar taimus ta shigo

Idan gwaji ya tabbatar dattijo yana da ciwon dajin furostet, wanda jama'a suka fi kira dajin mafitsara duk da cewa furostet, 'yar tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, daban take da mafitsara, kuma hoto ya nuna ciwon ya kai ƙashi, maganar farko da likita zai yi da shi da 'ya'yansa ita ce ta sauke testosteron, wato sinadarin maza. Wannan sinadari shi ne abincin ciwon. Tun 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges suka nuna a Chicago cewa idan aka yanke shi ciwon yana lafawa, kuma aikin ne ya ba Huggins kyautar Nobel a 1966. Lafiyayyen namiji yana da kimanin nanogiram 300 zuwa 1,000 a kowace desilita ta jini. Abin da ake nema shi ne a sauke shi ƙasa da 50, likitoci da yawa ma sun fi son ƙasa da 20. Fiye da kashi 90 cikin ɗari daga 'ya'yan maraina yake fitowa, don haka manyan hanyoyin biyu ne: a cire inda ake yin sa da tiyata, ko a kashe umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika musu da allura.

Kwanan nan wata magana ta uku tana shigowa cikin shawarar iyali daga waya: wai sauke sinadarin yana dawo wa tsoho da garkuwar jikin yaro, domin yana farfaɗo da taimus. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ya kamata a san iyakarta kafin a ɗora zaɓi a kanta.

Taimus wata 'yar tsoka ce mai ɓari biyu, tana kwance a bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya. Mahauta sun san ta ko da ba su san sunan ba. A maraƙi ko ɗan rago za ka gan ta fara-fara, mai laushi, ta taso daga ƙirji har cikin wuya. A tsohon sa sai ka lalube wurin ka tarar da kitse. Haka take a mutum. Ƙananan ƙwayoyi suna tasowa daga ɓargo su shiga cikinta, a can ake horar da su su zama ƙwayoyin T, waɗanda ke gane ƙwayar cuta, su kashe ƙwayar jikin da ta kamu, su kuma taimaka wajen yin kariyar da rigakafi ke bayarwa. Horon yana da tsanani: fiye da kashi 90 cikin ɗari suna mutuwa a ciki, wasu don ba su iya gane komai ba, wasu don sun nuna alamar za su far wa jikin mai su. Jacques Miller ne ya gano wannan aiki nata a 1961.

Nauyinta yakan kai ƙololuwa wajen balaga, giram 30 zuwa 40, amma sashen da ke aikin horon yana fara raguwa tun shekarar farko ta rayuwa, kimanin kashi 3 cikin ɗari a shekara har tsakiyar rayuwa, daga nan kimanin kashi 1. Ɗan shekara saba'in yana da ɗan abin da ya rage a tsakanin kitse. Shi ya sa sabuwar cuta ta fi wahalar da tsoho, rigakafi bai cika kama shi kamar yaro ba, kuma tsofaffin cututtukan da suka kwanta a jiki, irin tarin fuka ko ƙwayar ƙarambau, sukan farka. Ɗan abin da ya rage ɗin ma yana da amfani. Wani bincike daga Boston da aka buga a 2023 ya duba manyan da aka cire wa taimus, aka kwatanta su da waɗanda aka yi wa tiyatar ƙirji ba a cire ba: cikin shekara biyar kashi 8.1 na rukunin farko sun rasu, na biyun kashi 2.8. Nazarin bayanan asibiti ne, bai tabbatar da cewa cirewar kaɗai ce sanadi ba, amma ya sa an daina yi mata kallon abin da ya gama aiki.

Alaƙarta da sinadaran jinsi tsohon sani ne. A 1898 Calzolari ya lura taimus ɗin zomayen da aka fiɗiye ta fi girma, a 1904 Henderson ya ga haka a shanu. Wato san huɗa da aka dandaƙe, irin wanda ake kaiwa kasuwar Mai'aduwa, taimus ɗinsa takan jima ba ta motse ba fiye da ta bijimi sa'ansa. Dalilin ya fito daga baya. Ƙwayoyin da suka yi wa taimus shimfiɗa a ciki, su ne malaman horon, suna da wurin da testosteron ke kamawa. Idan ya kama sai su rage fitar da wata alama mai suna DLL4, wadda ba tare da ita ba ƙwayar da ta zo daga ɓargo ba za ta zama T ba, su kuma rage CCL25 mai kiran sababbin ƙwayoyi su shigo. A ɗauke sinadarin, alamun su ƙaru, taimus ta cika.

Sinadaran mata ma suna sa ta motse. Estirojin mai yawa yana ƙanƙantar da ita a dabbobi, kuma lokacin goyon ciki takan ragu ta dawo daga baya. Akwai kuma wani ɓangare da masu tallan maganar ba sa kawowa: wata ƙwayar gado mai suna AIRE ita ke sa taimus ta nuna wa ƙwayoyin T samfurin sassan jiki don a tsame masu far wa jiki. Testosteron yana ɗaga aikinta, estirojin yana rage shi. Wannan yana cikin dalilan da ake ganin sun sa kusan huɗu cikin biyar na masu cututtukan da garkuwa ke cin jiki mata ne. A lufus, ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtukan, ma tara cikin goma ne. Testosteron yana rage yawan abin da taimus ke fitarwa, yana kuma tsaurara tacewa. Girma kaɗai ba ya nuna inganci.

A mutane fa? A 2005 ƙungiyar Richard Boyd ta Jami'ar Monash a Ostireliya ta ba da rahoton ƙaramin rukunin dattawa masu ciwon furostet da ke kan allura: bayan wata huɗu sababbin ƙwayoyin T sun ƙaru a jinin da yawansu. An kuma gwada allurar ga waɗanda aka yi wa dashen ɓargo don garkuwarsu ta yi saurin dawowa. Abin da aka auna shi ne ƙwayoyi a jini. A ɓeraye kuwa an ga girman yana dawowa cikin 'yan makonni bayan fiɗiya, sannan ta sake motsewa, kuma tsarin cikinta na tsufa bai sauya ba. Ƙari a kan haka, babban mutum ba kamar ɓera yake ba: yawancin sababbin ƙwayoyin T ɗinsa daga rabuwar waɗanda ke yawo a jini suke samuwa, kaɗan ne daga taimus. Idan aka tuna cewa motsewar tana farawa tun kafin balaga, kuma testosteron ɗin tsoho yana raguwa da kansa ba tare da taimus ta dawo ba, za a ga sinadarin ɗaya ne kawai cikin masu tura ta. Tiyata da allura duka suna sauke shi zuwa wuri ɗaya, saboda haka taimus ba ta raba gardama tsakaninsu. Abubuwan da ke raba ta su ne waɗannan.

Tiyatar ƙarama ce. Ana kashe wurin da allura ko a yi allurar baya, a yi tsaga guda a fatar maraina, aikin kimanin rabin awa, sau da yawa a sallami mutum ranar ko washegari. Akwai salon da ake buɗe kwanson ƙwayar a kwashe naman ciki mai yin sinadarin kawai, a ɗinke kwanson a bar shi, don kada jakar ta zama fayau. A tambayi likita wannan salon tun kafin ranar, domin ga dattawa da yawa shi ne ke sa su amince. Testosteron yana faɗuwa cikin sa'o'i, kafin kwana ɗaya ya kai inda ake so. Matsalar da aka fi gani ita ce taruwar jini a jakar, saboda fatar wurin tana miƙewa ba ta danne jijiyar da ke tsiyaya. Maganinta ɗaurin da ya matse da wando mai kama jiki na 'yan kwanaki, da barin hawan babur da ɗaukar kaya har mako biyu. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa tun farko, mai ciwon suga a daidaita shi kafin a taɓa shi, don ciwon kada ya yi ruwa. Daga nan an gama. Babu komawa baya, kuma wannan shi ne ƙarfinta da nauyinta a lokaci guda.

Allurar da aka fi samu a nan Katsina ita ce goserelin, wadda aka sani da Zoladex: miligiram 3.6 duk kwana 28, ko 10.8 duk mako 12. Ba ruwa ba ce, ɗan tsinke ne kamar ƙwayar shinkafa da ake turawa ƙarƙashin fatar ciki, ƙasa da cibiya, da allura mai kauri a karkace. Ga siririn dattijo ko mai shan maganin tsinka jini sai hannun da ya saba, don akwai jijiyar jini a bangon ciki da za a iya hudawa. Akwai kuma leuprolide, 7.5 a wata, 22.5 a wata uku, 45 a wata shida. Wasu nau'o'insa sai an haɗa gari da ruwa dab da yi, kuma kuskuren haɗawa yana sa maganin ya ƙi aiki.

Yadda suke aiki shi ne tushen haɗarinsu na farko. Ƙwaƙwalwa tana aika umarni a gutsure-gutsure ga fituwitari, wata 'yar tsoka a ƙarƙashinta da ke isar da umarnin ga maraina. Allurar tana kwararo irin wannan umarni babu tsayawa har fituwitari ta gaji ta daina amsawa. Kafin ta gaji, a makon farko, testosteron yana tashi sama. Sai mako na biyu zuwa na huɗu yake sauka. Ga wanda ciwon ke ƙashin baya, wannan tashin yana iya ƙara ciwo, ya toshe fitsari, ko ya kumbura ƙarin ya danne laka ƙafafu su mutu. Shi ya sa ake fara ƙwayar bicalutamide miligiram 50 kullum, kwana uku ko fiye kafin allurar farko, a ci gaba har mako uku zuwa huɗu. Idan an ba ku allura ba a ambaci wannan ƙwayar ba, ku tambaya kafin a yi. Dattijon da ya riga ya fara jin nauyin ƙafa, ko dindiris a cinyoyi, ko fitsari da bayan gida suna kufce masa, ba ya cikin masu jiran mako huɗu: a kai shi asibiti a ranar, kuma abin da ya dace da shi tiyata ce ko degarelix, wadda ake farawa da miligiram 240 a allura biyu, sannan 80 duk kwana 28. Ita tana toshe umarnin kai tsaye, ba ta da tashin farko, cikin kwana uku ta sauke sinadarin, sai dai wurin allurar yakan kumbura ya yi zafi, kuma samunta a nan ba tabbas. Irinta ta sha, relugolix, 360 ranar farko sannan 120 kullum, ta nuna ƙarancin matsalar zuciya a gwajin 2020, kashi 2.9 a kan 6.2 na leuprolide, amma duk ranar da aka tsallake tana da lissafi.

Wajen tsawon rai, nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje da dama bai sami bambanci tsakanin tiyata da allura ba. Sai dai wannan sakamako na mutanen da aka yi wa allura a kan lokaci ne, da maganin da aka adana daidai, kuma a nan ne lissafin Katsina ya bambanta. Allurar kwana 28 sau 13 ce a shekara, sau 65 a shekara biyar. Daga Daura zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina kimanin kilomita 80 ne. Wanda ke Baure ko Zango ya ƙara nasa, da kuɗin mota na mutum biyu, don ba a barin mai ciwon ƙashi ya yi tafiya shi kaɗai. Ta mako 12 tana rage zirga-zirga zuwa sau huɗu ko biyar a shekara, amma kuɗinta a dunƙule ake biya. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa sananne ne: 'ya'ya su haɗa kuɗin wata uku na farko da zafinsu, Baba ya ji sauƙi ya koma masallaci da ƙafarsa, damina ta zo da hidimar taki, a ce bari a ɗan jinkirta. Idan jinkirin ya yi tsawo testosteron ya dawo, ciwon ya farka, kuma allurar da za a yi bayan dogon hutu tana iya sake kawo tashin farko. Sannan ga zafi. Takardar Zoladex ta ce kada a ajiye shi sama da digiri 25, a garin da bazara ke haura 40. Wasu nau'o'in leuprolide firij suke so, digiri 2 zuwa 8. Kwalin da ya kwana a shagon da babu wuta, ko ya yini a aljihun mota daga Kano, ba ya nuna alama a ido. A saya inda ake da sanyi mai tabbas, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ɗauko cikin kula mai sanyi, a yi ta da wuri.

A ganinmu, ga dattijon da ciwonsa ya bazu, wanda zai zauna a kan wannan magani iya rayuwarsa, kuma iyalin ba su da tabbacin kuɗin allura na shekaru, tiyata ta fi aminci, kuma kuɗin da aka tsira da shi ya fi amfani a mataki na gaba. Yanzu ba a tsayawa kan sauke sinadari kaɗai ga ciwon da ya bazu: ana ƙara abiraterone miligiram 1,000 tare da prednisolone 5, ko docetaxel, maganin daji da ake ƙarawa ta jijiya, zagaye shida duk mako uku, kuma waɗannan ƙarin an tabbatar suna tsawaita rai. Allura kuwa ita ce daidai ga wanda ciwonsa bai bazu ba kuma za a yi masa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura: wata 4 zuwa 6 idan haɗarin matsakaici ne, shekara ɗaya da rabi zuwa uku idan babba ne, sannan a tsaya sinadarin ya dawo a hankali, ko da yake a tsofaffi ba kullum yake dawowa duka ba. Yi wa irin wannan tiyata asara ce. Haka wanda likita ya ga za a iya ba shi hutu tsakanin zagaye, da wanda zuciyarsa ba ta karɓi tiyata ba bayan an yi masa cikakken bayani. Jikinsa ne, kuma a yi maganar da shi, kada a yanke a bayansa. Mai damuwa da hukuncin addini, tunda hanin fiɗiye ɗan Adam sananne ne, ya kai wa malaminsa bayanin likita cewa magani ne na larura, a ji fatawa a kan ainihin abin.

Akwai ƙwayoyi biyu da sauƙin kuɗi ke ja mutane gare su. Bicalutamide ita kaɗai, miligiram 150, tana toshe wurin da testosteron ke kamawa ne, testosteron da estirojin a jini ma ƙaruwa suke. Tana kiyaye ƙashi da ɗan sha'awa, amma nono yana girma yana ciwo, kuma ga ciwon da ya bazu ba ta kai sauke sinadari ba. Stilboestrol kuwa estirojin ce da ake haɗawa a masana'anta. Tana aiki, amma tana daskarar da jini a jijiya; a gwaje-gwajen Amurka na shekarun 1960 miligiram 5 ta jawo mace-macen zuciya da suka cinye ribarta. Mai neman alherin taimus ma ba zai same shi a nan ba, tunda estirojin ƙanƙantar da ita take.

Illolin rashin testosteron ɗaya ne ko ta wace hanya aka bi, kuma ya kamata uwargida ta ji su daga bakin likita: sha'awa da ƙarfin kusantar iyali suna tafiya, zafi yana taso wa mutum da gumi ko cikin hunturu, tsoka tana zubewa tumbi yana fitowa, jini yana raguwa kaɗan, suga da kitsen jini suna hawa, ƙashi yana rauni. A auna suga da hawan jini tun farko da kuma lokaci-lokaci. Kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, a lissafa da na abinci irin nono da kindirmo, da bitamin D yadda likita ya tsara. Tafiya kullum da tashi-zauna daga kujera suna riƙe tsokar cinya, ita ce ke hana faɗuwa a makewayi, inda ƙugu ke karyewa.

Duk wata uku zuwa shida a auna PSA, wani sinadarin furostet a jini wanda hawansa ke nuna ciwon yana farkawa. Idan ya fara hawa ga mai allura, kafin a ce ciwon ya gagari magani a auna testosteron. Idan ya haura 50, allurar ce ta gaza, ko don jinkiri, ko zafi, ko jabu, kuma tiyata tana gyara wannan a yini ɗaya. Idan yana ƙasa da 50, ciwon ne ya koyi rayuwa da ɗan abin da ya rage. A ci gaba da sauke sinadarin a ƙara wani magani a kai. Wanda aka yi wa tiyata ya huta da rabin wannan tambaya.

Game da garkuwa, abin da ke hannun iyali ya fi abin da taimus za ta ƙara. Docetaxel yana sauke fararen ƙwayoyin jini, ya fi tsanani wajen mako guda bayan kowane zagaye. Zazzaɓin digiri 38 a lokacin na asibiti ne a daren, ba a tsaya ana cewa maleriya ce a sayo magani a kemis ba. A gwada ciwon hanta nau'in B kafin a fara, a faɗa wa likita idan an taɓa yin tarin fuka. Dexamethasone da prednisolone suna cikin abubuwan da suka fi saurin ƙanƙantar da taimus, don haka ban da wanda likita ya rubuta, a raba dattijo da haɗe-haɗen "sha ka fashe" da ake ba wanda ya rame don ya yi ƙiba. Rashin furotin da zinc ma suna ƙanƙantar da ita, wake da ƙwai da gyaɗa da ɗan nama suna cikin magani. Allurar testosteron da magungunan ƙarfin maza da ba a san abin da ke cikinsu ba, waɗanda abokai kan kawo da kyakkyawar niyya idan suka ji abin da ya sami ɗan'uwansu, suna iya mayar da sinadarin da aka sha wahalar saukewa. Duk abin da aka kawo a tafi da kwalinsa ranar ganin likita.